Wayar sifika: sai ta tsada, ko wayar wuta ma ta isa?

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin kayan sauti ku taimaka min. Na samu amfilifaya ta hom tiyata, ta hannu, irin wadda ake kawowa daga waje, da sifiku biyar da wufa ɗaya, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai nauyi. Babu waya ko ɗaya a kwalin. Na shiga wajen Taminus neman waya, wani mai shago ya fito min da wata mai kaurin gaske, robarta garai-garai kana hango zaren ciki, ya ce in ba ita na sa ba na yi asarar kuɗin amfilifayar. Kuɗin yadi ɗaya nata zai sayi yadi biyar na wadda ke rataye a gefenta. Falona a Rikkos ba wani babba ba ne, amma sifikun baya sai waya ta zagaya ta saman ƙofa, na auna kusan mita 10 kowace. Gaskiya ya faɗa min ko ciniki yake yi?

Abba DJ:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka saya kawai. Mu da muke wannan harkar kullum mun san bambanci. Waya mai kyau tana buɗe sauti, ka ji muryar mawaƙi tar kamar yana gabanka. Araha ba ta ado.

Baba Mai Rediyo:
Baban Ilham, tsaya tukuna, ajiye maganar waya. Juya bayan amfilifayar, kusa da inda wayar wuta ta fito, karanta min abin da aka rubuta. 120V ne ko 230V?

Baban Ilham:
Baba, an rubuta 230V, 50Hz.

Baba Mai Rediyo:
Alhamdu lillahi, ta Turai ce, wutarta ɗaya da tamu. Da ta Amurka ce 120 za ka gani, kuma ranar da ka cusa ta a soket ɗin gidanka ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ranar za ka kawo min ita shago tana ƙauri. Irin su da yawa suna jibge a bayan teburina, masu su sun daina zuwa. To yanzu duba bayan sifikun. Akwai lamba da wata alama kamar kofaton doki a gefenta.

Baban Ilham:
Na gani. 6 ne a jikin duka biyar ɗin. Bayan amfilifayar kuma an rubuta 6 zuwa 16.

Baba Mai Rediyo:
Sun dace da juna ke nan. To ga amsarka: ciniki yake yi. Nemi waya mai gida biyu, mai zare-zare a ciki, ta jan ƙarfe na gaskiya, kauri 1.5, wato milimita sikwaya 1.5 na ƙarfen da ke ciki. In kana da hali ka sa wa na baya 2.5. Shi ke nan.

Abba DJ:
Haba Baba, da girmanka. Ai wannan wayar fanka ce da fitila. Ita waccan OFC ce, jan ƙarfen da aka cire wa iska. Turawa ba mahaukata ba ne da za su yi ta.

Malama Hadiza:
Abba, Turawa ba mahaukata ba ne, amma su ma suna da 'yan kasuwa. Bari in shigo da alli, tunda abin da nake koyarwa ke nan a aji.

Aikin wayar sifika ɗaya ne: ta kai wuta daga amfilifaya zuwa sifika ba tare da ta cinye da yawa a hanya ba. Abin da ke cin wutar shi ne tirjiyar wayar, wadda ake aunawa da om, ita ce alamar da Baba ya ce kamar kofato. Abu uku ne ke yanke yawanta: irin ƙarfen, da kaurinsa, da tsawonsa. Launin roba da kwalin da aka naɗo ta ba sa ciki.

Ga lissafin Baban Ilham. Mita 10 zuwa sifika, amma wuta sai ta je ta dawo, don haka mita 20 ne na ƙarfe. Jan ƙarfe mai kauri 1.5 zai ba ka wajen om 0.23. Mai 2.5 wajen 0.14. 'Yar siririyar nan ta 0.5 da ake haɗowa da ƙananan rediyo, wajen 0.7. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce kada tirjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifikar. Sifika mai om 6, iyakarka 0.3 ke nan. Ka ga 1.5 ta shige, 2.5 ta shige da sauran fili, 0.5 ta faɗi warwas.

OFC kuma, gaskiya ne akwai shi, ba ƙarya ba ne. Amma jan ƙarfen wayar wuta ta kirki ma tsarkinsa ya kai kashi 99.9. Bambancin yadda suke wuce da wuta bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Wato 0.23 ta koma kusan 0.226. In kunnenka na jin wannan, Abba, ka zo makarantarmu mu riƙa auna abubuwa da kai, mu huta da sayen mita.

Mai Gidan Kallo:
Malama ta gama da yaron nan.

Abba DJ:
Anti Hadiza, lissafi daban, kunne daban. Ni da kaina na canza waya a kayan aikina ana gobe wani biki a Bukuru, kowa sai da ya ce sauti ya canza. Ba ni kaɗai na ji ba.

Baba Mai Rediyo:
Wacce ka cire?

Abba DJ:
Wata ja da baƙa, siririya, da na saya tun ina koyo.

Baba Mai Rediyo:
Tsawon nawa kake ja a filin biki?

Abba DJ:
Yakan kai yadi 30, wani lokaci fiye.

Baba Mai Rediyo:
To ai ba ku saɓa da Malama ba, ɗana. Ka cire siririya mai yadi 30, kan manyan sifiku masu om 4, ka sa mai kauri. Dole ka ji canji. Kaurin ne ya yi maka aiki, ba sunan ba. Da wayar wuta mai kauri 4 ka sa, abin da za ka ji ke nan, canjin kuɗin kuma ka sha shayi da ƙwai wata guda.

Ɗan Bukuru:
Ni aikin wayarin ɗin gida nake yi, kuma inda nake so Baban Ilham ya buɗe ido ba wajen OFC ba ne. Matsalar kasuwarmu ita ce waya da za a ce maka kofa ce, wato jan ƙarfe, alhali alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. CCA ake ce mata. Masu gaskiya suna rubutawa a jiki, wasu kuma ba sa rubuta komai, wasu har OFC za ka gani a jikin robar. Kuma irin mai garai-garai ɗin nan da ya kwatanta, mai kauri kamar igiyar guga, su na fi zargi. Wata in ka yanka sai ka ga robar ce duk kaurin, zaren ciki ɗan tsurut.

Kada ka saya sai an yanko maka ɗan guntu. Fere shi, ka ɗauki zare ɗaya ka kankare da reza. In jan ya tafi fari ya fito, alminiyam ne. In ka kankare har ya kusa tsinkewa yana nan ja, kofa ce. Ko ka kunna masa laita: zaren alminiyam nan da nan zai lanƙwashe ya yi laushi ya marmashe, na kofa sai dai ya yi baƙi ya yi ja, yana nan a miƙe. Sannan ka ɗaga naɗin ka ji nauyi. Kofa ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, hannu ma yana ganewa.

Malama Hadiza:
Ƙarin bayani kan maganar Ɗan Bukuru: alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 ne na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi. Don haka CCA mai 1.5 a mita 10 ɗin nan za ta haura om 0.3, ta tsallake iyakar da muka sa. Ba wai ba za ta yi kiɗa ba, za ta yi. Amma in ita kaɗai ka samu, ƙara kauri, ɗauki 2.5 a madadin 1.5.

Ɗan Bukuru:
Malama, ni abin da ya fi ba ni haushi da ita karyewa. Ka murɗa bakinta sau biyu sau uku, zaren ya fara zubewa. Bayan damina ɗaya ka kwance ka ga bakin ya yi fari-fari kamar gari. Ga sifika dai da sauƙi, amma wanda ya sa ta a wayarin ɗin gida yana wasa da gobara.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na koma yau da rezata a aljihu. Ta tsadar nan da na ce a yanko min guntu, mai shagon ya ce ba a yanka ta sai an biya. Na yi masa sallama. A wani shagon kayan wuta na samu mai gida biyu, ja da baƙi, na kankare a gabansa, ja ce har ciki. Na ɗauki 2.5 ta baya, 1.5 ta gaba. Tambaya: wani ya ce min dole duk wayoyin su zama tsawo ɗaya, in ba haka ba sautin wata sifikar zai riga na wata isowa. Ta hagu ta gaba mita 2 ta ishe ta, ta dama sai 4.

Abba DJ:
Wannan kam gaskiya ne. Ka yanka su daidai, ragowar ka naɗe a baya.

Malama Hadiza:
Abba, yau ka tashi da ni. Saƙon wuta a cikin waya gudunsa ya kusa na haske. Bambancin mita 2 bai fi kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa ba. Shi kuwa sauti a iska mita 343 kawai yake yi a daƙiƙa. In Baban Ilham ya gyara zama a kujera, kansa ya matsa da faɗin yatsa ɗaya, jinkirin da ya jawo ya ninka na wayar sau dubbai. Yanka kowace daidai wurinta, ka bar rarar kamar rabin mita saboda ranar da za a ja kabad a yi shara. Nisan da ya kamata ka damu da shi na sifika zuwa kujerarka ne, kuma wannan a cikin saitin amfilifayar ake shigar da shi.

Baba Mai Rediyo:
To tunda waya ta samu, saurara da kyau, don nan ne ake kashe kaya, ba wajen saye ba.

Kafin komai zare fulogin amfilifayar daga bango. Ba kashewa da rimot ba, zarewa.

Raba gida biyun wayar kamar tsawon ɗan yatsa. Fere robar bakin kowanne santimita 1, in ya yi yawa 1 da rabi. Mutane suna fere rabin yatsa su bar ƙarfe tsirara a waje, wannan shi ne neman magana. In da reza za ka fere, kada ka danna. Zagaya robar a hankali, ka lanƙwasa ta, za ka ga ta buɗe da kanta, sai ka ja. In ka ga zare uku huɗu sun biyo robar, yanke ka sake. Ban da haƙori, na san halin 'yan Jos.

Sai ka murɗa zaren da yatsu biyu, gefe ɗaya, har ya zama kamar tsinke. Ɗaga shi saitin fitila ka duba. Gashi ɗaya kada ya leƙo. Gashi ɗayan nan in ya taɓa maƙwabcinsa ko ya taɓa ƙarfen bayan amfilifaya, in ka yi sa'a za ta rubuta PROTECT ta kashe kanta. In ba ka yi sa'a ba taransisto sun tafi, kuma na waɗannan manyan ba kullum ake samun na asali ba.

Wane irin baki ne a bayan taka? Na dannawa ko na murɗawa?

Baban Ilham:
Na amfilifayar na murɗawa ne, ja da baƙi. Na sifikun kuma na dannawa.

Baba Mai Rediyo:
Na murɗawa, kwance shi sosai za ka ga rami a jikin sandar. Zura wayar ta ramin har roba ta zo daf da bakin, amma kada robar ta shiga ciki, don in ka ɗaure a kan roba ba ka haɗa komai ba. Ɗaure da hannu, ban da filaya. Na dannawa kuma danna, zura, saki, sannan ka ɗan ja wayar ka ji ta kama. 2.5 takan yi wa wasu ƙananan ramukan yawa. In ta ƙi shiga kada ka tilasta, rage zare kaɗan a bakin kawai ka sake murɗawa.

Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin, a duka biyar. Kuma kafin ka ja waya ta bayan kujeru manna salatif a bakinta biyu ka rubuta sunanta: gaba hagu, gaba dama, tsakiya, baya hagu, baya dama. Wayoyi biyar iri ɗaya in sun taru a bayan kabad, mai su ma ba ya gane su.

Mai Gidan Kallo:
Baba, ni nakan sa a shafa wa bakin dalma don kada zaren ya watse. Ba ya fi ba?

Baba Mai Rediyo:
A ido ya fi kyau, a aiki bai fi ba. Dalma tana da taushi. Ka ɗaure ta yau da ƙarfi, a hankali tana lotsawa a ƙarƙashin matsin, bayan wasu watanni ka tarar da wayar tana rawa, sauti yana ɗaukewa yana dawowa. Inda za a matse, bar jan ƙarfe tsirara. Inda za a yi ƙari, waya da waya, nan ne wurin dalma. Mu da aka haƙi kuza a ƙarƙashin ƙafarmu aka kai Ingila, ai bai kamata a koya mana inda ake sa ta ba. Dalmar da muke liƙi da ita, kashi 60 kuza ce, 40 darma.

In kana yawan cirewa da mayarwa, sayi banana fulog ka ɗaura a bakin, ka huta. Amfilifayoyin Turai sukan zo da 'yar roba ta toshe ramin tsakiya da fulogin ke shiga, ana ɓanɓare ta da bakin allura ko ƙaramin sukundireba. Amma mai falo da zai haɗa sau ɗaya ya manta, ba ya bukata.

Maman Sadik:
Ni dai ina karantawa ina tausayin Maman Ilham. Duk wanda ya yi magana a nan ba wanda ya tambayi ta ina wayar za ta bi. Namu maigidan haka ya shimfiɗa su a tsakar falo ya rufa da kafet, kullum in an zo shara sai an yi faɗa, yaro mai rarrafe kuma ya mayar da ta bayan kujera abin wasa har ya jawo sifikar ta faɗo. Don Allah Baban Ilham ka yi shawara da ita kafin ka buga ƙusa a bangon da ta sha wahalar zaɓar fentinsa.

Baban Ilham:
Hajiya, kamar kina gidan. Tun jiya aka ba ni sharaɗi: in an ga waya a ƙasa, almakashi.

Ɗan Bukuru:
Maganin wannan tarankin ne, farar robar nan mai murfi. Ka bi da ita ta gindin bango saman tayil, ta haura gefen ƙofa ta sauko, in an yi mata fenti ba mai lura. Ƙarƙashin kafet a inda ake takawa ba shi da kyau, zaren yana karyewa a ciki ba ka sani ba. In za ka bi ta silin, sa ta a fayif, saboda ɓera. Kuma kada ka haɗa ta fayif ɗaya da wayar wuta. In ƙusa ko ɓera ya haɗa su, 230 ta shiga bayan amfilifayarka da sifikun gaba ɗaya. In dole su gamu, su gitta juna su wuce, kada su jera.

Masu gini sabo, ku ji da kyau: kafin a rufe POP a zura fayif biyu zuwa bayan falo. Kuɗinsa kaɗan ne a lokacin, bayan an rufe kuwa sai fasa.

Baban Ilham:
Jama'a an haɗa. Ba ta rubuta PROTECT ba, alhamdu lillahi. Amma abu biyu. Na ɗaya, sautin ba nauyi, kamar a cikin gwangwani, kuma muryar mai labarai ba ta tsaya a tsakiya ba, sai ka ji ta kamar tana yawo a gefen kunne. Na biyu, wufar tana wani gurnani, "huuum", ko ba a kunna komai ba.

Abba DJ:
Na faɗa muku. Wayar fanka ce ta nuna halinta.

Baba Mai Rediyo:
Abba, zauna. Baban Ilham, na farkon nan ko ban zo ba na san shi: ɗaya daga cikin na gaba a juye take. Akwai ƙari a wata wayar?

Baban Ilham:
Akwai. Ta dama ta gaza da kaɗan bayan mun zagaya da ita bayan kabad, sai ƙanina ya ƙara mata guntun wata fara da muke da ita a gida.

Baba Mai Rediyo:
Fara, gida biyu launi ɗaya. To nan ne. Fatar sifika gaba da baya take motsi. In ɗaya a juye take, lokacin da ta hagu ke turo iska ta dama janyewa take yi, kamar mutum biyu a turin mota ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kowa na gumi motar na tsaye. Sauti mai nauyi shi ya fi mutuwa, murya kuma ta rasa wurin zama. Ba ya ƙona komai, shi ya sa wasu suke shekara da shi a haka suna zagin kayan.

Ga gwaji. Cire wayar daga bayan amfilifaya, bar ta a jikin sifikar. Cire ragar gaban sifikar in tana cirewa. Samu batirin rimot, mai 1.5. Ɗora baƙar waya a gindinsa, ka ɗan taɓa ja a kansa mai tsini, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Wani ya tsaya yana kallon fatar. In ta turo waje, daidai ne. In ta shige ciki, a juye take. Ban da batirin mota ko na inbata, kuma kada ka riƙe shi a kai.

Farar waya ma in ka shafa da yatsa, yawanci gida ɗaya yana da ɗan tudu a jikin robar ko rubutu ko layi. Da shi ake gane ta.

Baban Ilham:
Allahu akbar. Ta hagu ta turo, ta dama ta shige. Mun buɗe salatif ɗin ƙarin, a gicciye yake. Na cire ta gaba ɗaya na sa sabuwa doguwa ba ƙari. Baba, kamar an canza kayan. Muryar ta dawo daidai ƙarƙashin talabijin.

Baba Mai Rediyo:
Madalla. Ka gwada sauran ukun ma da batirin tunda ka koya. Wanda kuma dole sai ya yi ƙari, kada ya yanka gida biyun a wuri ɗaya. Ɗaya a nan, ɗaya a gaba da shi da tsawon yatsa, a liƙe da dalma, a naɗe kowanne daban. Ko salatif ya saki saboda zafi, ba za su taɓa juna ba.

Malama Hadiza:
Abba, muna jiran bayani kan wayar fanka.

Abba DJ:
Anti ai yanzu ma da ya sa OFC da ya fi haka. Ba ku da abin kwatantawa ne kawai.

Malama Hadiza:
To mu kwatanta. Kawo taka, a haɗa a falon Baban Ilham, kauri ɗaya tsawo ɗaya. Ka juya baya, Baba ya riƙa canzawa ba ka gani, sau 10. In ka faɗi daidai sau 9, ni zan sayi wayar in ba ka kyauta.

Abba DJ:
Na yarda. Amma ni zan zaɓi waƙar.

Baban Ilham:
Ku zo, akwai shayi. Amma saura gurnanin wufar nan, shi ne yanzu ya hana ni sakat.

Ɗan Bukuru:
Wufar tana da wayar wutarta daban?

Baban Ilham:
E, tana da fulogi nata. Waya ɗaya ce mai kan RCA, irin mai zagayayyen kai da tsinke a tsakiya, ta haɗa ta da amfilifaya.

Ɗan Bukuru:
To wannan ba ruwan wayar sifika. Wayar sifika wuta mai ƙarfi take ɗauka, da wuya ta kwaso gurnani. Ita ta RCA ɗin saƙo ne ɗan kaɗan a cikinta, wufar ce ke ƙara masa ƙarfi, don haka duk dattin da ta kwaso a hanya shi ma sai an ƙara shi. Gurnanin da kake ji na wutar gida ne, mai 50 ɗin nan da ka karanta wa Baba. Yi abu uku bi da bi. Raba wayar RCA da wayoyin wuta, kada ka ɗaure su tare don kwalliya. Sa fulogin wufa da na amfilifaya da na talabijin a ekstenshin ɗaya. In bai daina ba, kwance wayar dish daga bayan dikoda ka saurara.

Baban Ilham:
Na farko da na biyu sun rage shi kaɗan. Ina kwance wayar dish ya ɗauke ɗif.

Ɗan Bukuru:
Na zata. Dish ɗin da kayan falon ba su haɗu a as ɗaya ba, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta jikin wayoyin. Gidajenmu da yawa ramin sama na soket ado ne, ba a haɗa shi da komai ba. Hanya mai sauƙi: in talabijin ɗinka da amfilifayar suna da ramin optikal, haɗa su da shi maimakon waya mai ƙarfe. Haske ne ke bi ta ciki, wuta ba ta da hanyar wucewa. Hanya ta gaskiya kuma a duba as ɗin gidan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karya ƙafar as ta fulogi don gurnani ya tafi, wasu suna yi, ranka ya fi sauti.

Sannan damina na zuwa, kun san tsawar Jos. In hadari ya haɗu, zare fulogi ka kwance wayar dish ɗin ma. Sitabilaiza ba ta tare tsawa, kuma ta wayar dish take shigowa ta bi HDMI ta cinye duk abin da ke jere.

Mai Gidan Kallo:
Tunda malamai sun hallara bari in kawo tawa. A gidan kallona na Gangare amfilifayata tana zafi kamar dutsen guga, in wasa ya yi nisa sai ta ɗauke, musamman ranar da aka cika. Sifiku huɗu ne, na haɗa biyu-biyu a kowane rami don na baya su ji sharhi.

Baba Mai Rediyo:
Alhaji, kowace om nawa?

Mai Gidan Kallo:
6 ne su ma. Ja da ja na murɗe tare, baƙi da baƙi, na zura.

Malama Hadiza:
To ka mayar da su om 3 ke nan, Alhaji. Biyu masu 6 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa rabi suke komawa, amfilifayar kuma sai ta ba da ninkin wutar da ta saba. In an rubuta mata 6 ne mafi ƙaranci, ɗaukewar da take yi ceton kanta take yi. Ka haɗa su a jere: ja na amfilifaya zuwa ja na ta farko, baƙin ta farko zuwa ja na ta biyu, baƙin ta biyu ya koma amfilifaya. Sun zama 12. Ƙara za ta ɗan ragu, amma za ka gama wasa ba a fasa maka benci ba.

Baba Mai Rediyo:
Kuma ɗauke dikodar daga kanta, na san a kai ka ɗora. Ramukan saman nan na shan iska ne. Ƙurar hunturu ma ta isa ta toshe su, a busa mata iska.

Baban Ilham:
Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri. Sifikun baya shiru suke in ana labarai, amma da na sa gwajin da ke cikin saitin, mai "shhh" ɗin nan da ke zagayawa, kowace ta yi magana a wurinta.

Abba DJ:
Wannan dai bari in amsa, ko Anti za ta ba ni maki. Lafiyarsu lau. Yawancin tashoshi da finafinanmu sauti biyu ne, hagu da dama, babu abin da aka aiko wa na baya. Sai fim mai Dolby Digital 5.1 za ka ji su, shi ma ba koyaushe ba, sai ruwan sama ko mota ta wuce ko harbi. In kana so su riƙa yi kullum, nemi Pro Logic a rimot, ko wanda ke watsa sautin ga duka biyar. Kuma kada ka kai su can ƙarshen bango. Gefen kujera, ka ɗan ja su baya, sama da kunnen wanda ke zaune kaɗan. A saiti ka sa duka biyar a SMALL, ka bar mahaɗar, wato inda sauti ke rabuwa tsakanin sifiku da wufa, a 80Hz, nauyin ya tafi wufa.

Malama Hadiza:
Goma bisa goma. Ka ga in ka bar tallan waya kana da ilimi.

Maman Sadik:
Saura maƙwabta. Baban Ilham, bangonku ɗaya da mutane, wufar nan in ta fara bayan isha'i har kwanukan kicin ɗinsu sai sun amsa.

Baban Ilham:
Hajiya an riga an kafa wannan dokar ma, ƙarfe 9 ake kashe wufa. Abba, Malama, Asabar bayan la'asar ya yi muku? Baba, zan turo yaro da Keke ya ɗauko ka.

Baba Mai Rediyo:
Ya yi. Abba ya zo da wayarsa, ni kuma zan zo da rezata, don sai na kankare ta kafin a fara.

Abba DJ:
Baba, ban da kankarewa. Yadi 6 ce kawai gare ni.

Mai Gidan Kallo:
Ɗan Bukuru, in kana da sarari gobe ka biyo ta wajena kafin wasan ƙarfe 4, ka zo da mitarka da tarankin kamar guda shida.

Ɗan Bukuru:
Sai dai bayan azahar, Alhaji, da safe ina da aiki a Dadin Kowa. Ka sa a sauko da sifikun kafin in iso.